Waiwaye: ta ina Farisawa suka san addinin mutanen Sin?

Kafin zuwan Mongolawa yawancin abin da marubutan Farisa ke da shi kan Sin labarin fatake ne, wai masu bautar gumaka ne, shi ke nan an wuce wurin. Sai da jikokin Janghis Khan suka riƙe Iran da Sin lokaci guda hanya ta buɗe, jakadu da likitoci da malaman addinin Budda suna ta kai-komo har Tabriz, babban birnin Mongolawan Iran.

A nan Rashiduddin ya shigo, likita ne ɗan Hamadan da ya zama waziri. Sarki Ghazan na Mongolawan Iran, wanda ya musulunta a 1295 ya sa aka rushe gidajen ibadar 'yan Budda, shi ne ya ce wa wazirin ya rubuta tarihin Mongolawa, daga baya ƙanin sarkin, Uljaitu, da ya gaje shi ya ce a haɗa da sauran al'ummun duniya, abin da ya zama littafin Jami'ut Tawarikh kenan.

To waziri dai bai taɓa taka Sin ba. Shi da bakinsa ya faɗa cewa wasu masana biyu 'yan Sin, Litaji da Kamsun, su suka zo da littafi suka fassara masa, kuma littafin malaman Budda uku ne suka haɗa shi. Nan fa gizo ke saƙa, don wanda ya ba ka labari shi ke zaɓar abin da za ka ji, shi ya sa a jerin sarakunan Sin da ya faro daga Pangu, na farkon duniya a almararsu, sai ka ga an tsaya ana ba da haihuwar Budda, alhali mutumin Indiya ne. Laozi da Konfushiyas, manyan malaman hikima na Sin, su ma sun fito, amma ta bakin 'yan Budda. Shi kuma waziri da ya zo rubutawa sai ya ɗauko kalmomin da masu karatunsa Musulmi suka saba da su, har Budda ya kira annabin mutanensa, ni dai ban ɗauka aƙidarsa ya faɗa ba, hanyar fahimtar da mutane ya nema.

Wane littafi ne takamaimai? Bajamushe Herbert Franke ya gano labarin ya yi kama sosai da wani kundin tarihin 'yan Budda, Fozu lidai tongzai, matsalar ita ce an gama wannan wajen 1341, Rashiduddin kuwa tun 1318 aka kashe shi bisa zargin ya sa wa Uljaitu guba. Kenan ba daga nan ya kwafa ba, sai dai a ce su biyun rijiya ɗaya suka ɗebo.