The Cosby Show

The Cosby Show wasan kwaikwayo ne na barkwanci da tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 20 ga Satumba 1984 zuwa 30 ga Afrilu 1992. Ya yi zango 8, kashi 201. Labarin gidan Huxtable ne, baƙaƙen fata masu rufin asiri da ke zaune a unguwar Brooklyn Heights ta birnin New York: miji likita, mata lauya, 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya. Bill Cosby ne ya fito a matsayin maigidan, Dakta Cliff Huxtable, Phylicia Rashad kuma ta fito a matsayin uwargida, Clair. Zango biyar a jere shirin yana kan gaba wajen yawan masu kallo a Amurka, ko da yake a na biyar ɗin sun yi kunnen doki da wani shirin.

Asali

Cosby ya yi suna tun kafin shirin a matsayin mai barkwanci a kan dandamali, kuma yawancin abin da yake ba mutane dariya da shi labarin gidansa ne. Shi ma 'ya'ya mata huɗu Allah ya ba shi da namiji ɗaya. Marcy Carsey da Tom Werner, masu kamfanin da ya shirya wasan, sun fara kai shi tashar ABC, ta ƙi karɓa, sannan NBC ta ɗauka. A wancan lokacin an fara cewa kasuwar irin wannan wasa ta mutu.

A kashin farko 'ya'ya huɗu ne kawai a gidan. Daga baya aka ƙaro Sondra a matsayin 'yar fari, aka ce tana karatu a jami'ar Princeton shi ya sa ba a gan ta ba. An ɗauki wasan a New York, da farko a Brooklyn, daga baya a Queens, alhali galibin shirye-shiryen zamanin a Los Angeles ake yin su. Akwai kuma likitan ƙwaƙwalwa daga jami'ar Harvard, Alvin Poussaint, wanda yake duba rubutun kafin a ɗauka, don kada a saka abin da zai zubar da mutuncin baƙar fata.

Mutanen gidan

Cliff likitan haihuwa ne, ɗakin ganin marasa lafiyarsa a ƙasan gidan yake, don haka kullum yana kusa. Mutum ne mai zolaya da son abincin da matarsa ta hana shi ci. Clair ita ce mai tsawatarwa. Yaran su ne Sondra, Denise, Theo, Vanessa da auta Rudy. Lisa Bonet ce Denise, Keshia Knight Pulliam kuma ta fara fitowa a matsayin Rudy tana 'yar shekara 5. A 1990 aka kawo Pam, 'yar uwar Clair, ta zauna a gidan, kamar yadda ake ɗauko riƙo a ko'ina.

Theo, ɗa namiji tilo, shi ne aka fi tunawa da shi a kashin farko, inda mahaifinsa ya yi masa lissafin rayuwa da kuɗin wasan yara har ya ga albashin da yake hange ba zai kai shi ƙarshen wata ba. Malcolm-Jamal Warner, wanda ya fito a wannan matsayi, ya rasu a Yulin 2025 a ƙasar Costa Rica, ruwa ya ci shi.

Auren 'ya'ya mata

Mafi nauyin labarin yana kan 'yan matan, musamman yadda kowacce ta shigo da miji gida. Babu wadda ta bi hanyar da iyayen suka so.

Sondra ta kawo Elvin, saurayi mai ra'ayin cewa hidimar gida ta mace ce. Akwai ranar da Clair ta ce za ta kawo masa kofi shi da Cliff, sai ya nuna mamakinsa cewa mace irinta tana yi wa miji hidima. Nan take ta wanke shi tas: ta ce yau ita ta kawo wa mijinta, da safe shi ya kawo mata, haka aure yake, kuma in bai gyara tunaninsa ba, ba zai sami wadda zai kawo wa komai ba. Sun yi aure duk da haka. Bayan bikin suka sanar cewa sun fasa karatun lauya da na likita, za su buɗe shagon kayan yawon daji. Clair ta ce to Sondra ta biya ta kusan dala dubu 80 da aka kashe mata a Princeton. Shagon bai je ko'ina ba, Elvin ya koma karatun likita. Tagwayen da suka haifa aka sa musu Nelson da Winnie, sunan Mandela da matarsa, a lokacin Mandela yana kurkuku.

Denise ta fi kowa ba iyayenta ciwon kai. Ta shiga kwalejin Hillman, makarantar da iyayenta da kakanta suka yi (babu ita a zahiri, don wasan aka ƙirƙire ta), ta bar karatun, ta tafi Afirka a matsayin mai taimaka wa wata mai ɗaukar hoto. Da ta dawo a 1989, da miji ta dawo, sojan ruwa mai suna Martin, da 'yarsa ƙarama Olivia. Iyayen ba su san an ɗaura ba.

Vanessa kuwa ta yi wata shida da baiko ba ta faɗa ba, da wani Dabnis da ya girme ta sosai, shugaban masu gyare-gyare a jami'ar da take karatu. Cliff ya ce masa shi ba shi da laifi, laifin na yadda aka gabatar da shi ne: kamar a gasa nama mai kyau a miƙo wa mutum a kan murfin kwandon shara. Wannan auren bai yiwu ba. Rudy tana ƙarama har shirin ya ƙare.

Kallonsa a Jos

Jos gari ne da ya daɗe da talabijin. Tashar jihar Binuwai-Filato ta fara aiki a 1974, ita ce kuma ta fara nuna hoto mai launi a Najeriya, kafin a haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. Shirye-shiryen barkwanci na baƙaƙen Amurka suna cikin abin da tashoshin Najeriya suke cike lokaci da shi, kuma daga baya wannan shirin ma ya shigo cikinsu. Zamani ne da tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kallo kuma sai NEPA ta ga dama. A unguwannin Hausawa irin su Gangare da Unguwar Rogo, gidan da ke da akwatin talabijin yakan cika da yaran maƙwabta.

Mai kallo Bahaushe, wanda ya saba da Karkuzu da Samanja, zai ga abin da ya sani a gidan Huxtable: uba mai tankaɗe da rairayar duk wanda ya zo neman 'yarsa, kakanni masu shigowa a ba su girmansu, da uwar da kallo ɗaya ya ishe ta ta tsayar da yaro. Abin da zai ba shi mamaki ya fi yawa. Saurayi yana shigowa har falo ya zauna cin abinci da uban yarinya, ba a tsaya a zaure ko ƙofar gida ba. Babu waliyyi, babu baffa ko kawu da za a tura wa masu neman aure, babu mai zuwa binciken asali. Uwa tana kiran sunan 'yar farinta gatsau, ba alkunya. Kuma abin da Denise ta yi, wanda a nan zai tara dangi a yi ta zaman sulhu, can cikin rabin awa an gama da shi ana dariya.

Suka

Wasu masana a Amurka sun ce shirin ya kauce wa talauci da wariyar launin fata, ya sa fararen fata suna ganin komai ya daidaita. Wasu suka ce nuna baƙar fata likita da lauya a gida ɗaya shi kansa amsa ce. A ƙofar ɗakin Theo akwai takarda mai kiran a kawo ƙarshen mulkin wariya na Afirka ta Kudu. Kashin ƙarshe ya fita ana tsakiyar tarzomar Los Angeles ta 1992.

Shari'ar Cosby

Daga 2014 mata da dama suka fito suna zargin Cosby da cin zarafinsu, shi kuma ya musanta. Tashoshi da yawa suka daina maimaita shirin. Kotu ta same shi da laifi a 2018, kotun ƙolin jihar Pennsylvania ta soke hukuncin a Yunin 2021, aka sake shi.