Me ake nufi da kisan gillar siyasa?

Kwanan baya a wata majalisa da ke Gwammaja, gardama ta kaure bayan labaran rediyo: wai duk kashe ɗan siyasa kisan gillar siyasa ne? Wani dattijo ya ce a'a, kuma ina tare da shi.

A bakin Bahaushe, kisan gilla shi ne kashe mutum da gangan, ba tausayi. In aka ƙara masa "siyasa", ana nufin kujerar mutumin aka nufa, ko aƙidarsa, ko abin da yake shirin yi. Ɗan majalisar da ɓarayi suka harbe don motarsa, fashi ne. Kada kuma a haɗa shi da kisan mummuƙe, wanda shi cutarwa ce a ɓoye, sannu a hankali.

Mu Kanawa ba sai an kai mu nesa ba. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 sojoji ƙarƙashin Buka Suka Dimka suka buɗe wa motar Janar Murtala Muhammad wuta a Legas. Juyin mulkin bai yi nasara ba, gawa ta dawo Kano, Obasanjo kuma ya cika alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1979. A Yulin 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara, cikin tarzomar da ta tashi a garin nan.

Inda zancen ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙasar da ke rayuwa da tallafin waje, domin can harsashi ɗaya yana iya taɓa albashin malamin makaranta. Dubi Nijar. A 9 ga Afrilu 1999 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai, aka fito aka ce wai haɗari ne. Faransa ta dakatar da taimako, sojojin Dauda Malam Wanke, wanda ya karɓi mulki, suka shirya zaɓe kafin shekara ta ƙare, Tandja Mamadou ya hau. Sai dai kundin tsarin mulkin da aka rubuta a lokacin ya yi wa masu kisan afuwa. An samu akwatin zaɓe, iyalan mamacin ba su samu shari'a ba.

Haiti kuwa ko wannan ba ta samu ba. Bayan girgizar ƙasar 2010 an yi mata alkawarin biliyoyin daloli. A 7 ga Yuli 2021 'yan bindiga, cikinsu har da sojojin haya 'yan Kolombiya, suka kashe Shugaba Jovenel Moise a gidansa. Shekara huɗu bayan haka ba a yi zaɓe ba, 'yan daba suka mamaye mafi yawan babban birnin, har sai da aka kai 'yan sandan Kenya a 2024.