Sojojin faretin ban girma

Sojojin faretin ban girma su ne waɗanda ake jerawa in babban baƙo ya sauka, ko ranar bikin ƙasa, ko wajen binne soja. Mu nan ƙauyukan Kano da Jigawa galibi a talabijin ɗin shagon cajin waya muke ganinsu ran 1 ga Oktoba, amma fa abin ba baƙo ba ne a wajenmu, duk wanda ya taɓa ganin dogarai da jan rawani sun tsaya ƙyam cikin rana ran hawan sallah a Haɗeja ko Kazaure ai ya san aikin, wato mutum ya ɗauki kwarjinin wani a jikinsa.

A Najeriya rundunar tsaron shugaban ƙasa ce ke riƙe da wannan aiki a Abuja, tun 1962 aka kafa ta. Su ke fareti a Dandalin Eagle, su ke tsayawa ran 15 ga Janairu da ake tunawa da mazan jiya.

Ba a shiga haka kawai. Sai an fara zama kurtu, an sha horo a defo, wato sansanin horar da sababbin sojoji irin na Zariya, sannan a duba tsayi da lafiya da ladabi, don layi ɗaya ake so ya fito kamar an ja zare. Daga nan sai maimaici, taku ɗaya, juyi ɗaya, sarawa ɗaya, a yi ta yi sajan manjo na daka tsawa har ƙafa ta haddace da kanta, ga goge takalmi har mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Inda abin ya fi tsanani shi ne maƙabartar Alintan a Amurka, wajen kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba. Tun 1937 ba a taɓa barin wajen babu mai gadi ba, dare da rana, ruwa ko ƙanƙara. Mai gadin taku 21 yake yi, ya tsaya daƙiƙa 21, kwatankwacin harbin igwa 21 da ake wa shugabanni.

Ni dai a ganina tsayuwar ta fi tafiyar wuya. In soja ya daɗe a sandare, jini kan taru a ƙafa har ya yanke jiki ya faɗi, shi ya sa ake koya musu su ɗan saki gwiwa su riƙa motsa yatsu cikin takalmi ba tare da kowa ya lura ba.