Fashin Baƙi: Me Dokar Saudiyya Ta Ce Kan Kama Kifin Shak?

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta Bangala a Jidda da sassafe ya san kifin da Larabawa ke kira ƙirsh, mu kuma muke cewa kifin shak. Wani lokaci za ka gan shi shimfiɗe a kan ƙanƙara, ɗan ƙarami, bai wuce kamu biyu ba. Abin da 'yan uwa da yawa ba su sani ba shi ne, tun shekarar 2008 wata dokar sarauta ta haramta kamun wannan kifi a ruwan Saudiyya. Ba ta ware wani nau'i ba, duka ta haɗa. Harkar kamun kifi yau tana hannun Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma.

To, me ya sa hukuma za ta kare abin da ke cizon mutum? Amsar tana wajen haihuwa. Yawancin kifaye ƙwai suke zubarwa dubbai, amma nau'o'in shak da dama haihuwa suke yi, 'ya'ya kaɗan, bayan sun shafe shekaru kafin su balaga. In ka kama ɗaya tun yana ƙarami, ka yanke zuriya guda ke nan. Masu bincike na jami'ar KAUST da ke Thuwal sun bi kasuwar Jidda daga 2011 zuwa 2013, suka tarar mafi yawan waɗanda ake kawowa ba su kai ga balaga ba, alhali doka tana nan.

Kuma shi ne makiyayin teku. A gaɓar yammacin Ostareliya an ga yadda tsoronsa ke hana kunkurun ruwa zama wuri ɗaya su cinye ciyawar ƙarƙashin teku, wadda ƙananan kifaye ke fakewa a cikinta.

Masu cewa a rage su dai ba mahaukata ba ne. A Disambar 2010, a Sharm el-Sheikh ta Masar, can tsallaken Bahar Maliya, shak ya raunata masu yawon buɗe ido. Aka fita farauta, aka kashe shak biyu, aka buɗe bakin ruwa. Ba a jima ba wani shak ya kashe wata Bajamushiya. Jihar Yammacin Ostareliya ma ta gwada a 2014, ta kafa manyan ƙugiyoyi masu koto kusa da wuraren wanka. An kama 172, amma babu farin shak ko ɗaya, wanda don shi aka yi aikin. Hukumar muhalli ta jihar ta ce a dakata, gwamnati ta janye. Ni a ganina, wannan shi ne jifan gafiyar Ɓaidu, an sha wahala, wanda ake nema yana can yana yawonsa.

Ga mai jefa ƙugiya a bakin tekun Obhur da ke arewacin Jidda ranar hutu, ma'anar dokar a fili take: kada ka fita da niyyar shak. In ya faɗa maka bisa kuskure, ka yanke zaren kusa da ƙugiya ka sake shi, kada ka sa hannu kusa da bakinsa, domin ƙaramin ma haƙoransa kamar aska suke. Ganinsa a kan teburin mai kifi ba izini ba ne, kuma baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ko wanda takardunsa ba su cika ba, ya fi kowa asara in jami'an tsaron gaɓar teku suka leƙa cikin akwatin ƙanƙarar da yake ajiye kifi.