Karatun Tsara Zane a Babbar Sakandare

Tsara zane, wanda masu sana'ar suka fi kira girafik dizain, fasaha ce ta haɗa rubutu da hoto da launi a wuri guda domin isar da saƙo ga mai kallo, kamar yadda ake gani a fosta da tambarin kamfani da bangon littafi da kwalin kaya da shafukan intanet. A ƙasashe da dama ana koyar da ita a ajujuwan ƙarshe na sakandare, kafin shiga jami'a ko fara aiki. Mai zanen hoto yana iya bin abin da ransa ke so, amma mai tsara zane aikin wani yake yi, kuma ana auna ƙwarewarsa ne da yadda saƙon ya isa ga waɗanda aka nufa.

Asali

Ana danganta sunan wannan fanni ga Ba'amurken nan mai tsara littattafai, William Addison Dwiggins, wanda ya yi amfani da shi a 1922. Tsarin koyarwar kuwa ya samo tushe mai ƙarfi daga makarantar fasahar zane ta Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a birnin Weimar na Jamus a 1919. A can ne Johannes Itten ya jagoranci darasin share fage, inda ɗalibi ke fara nazarin launi da siffa da yanayin kayan aiki kafin ya zaɓi ɓangaren da zai ƙware a kai. An rufe makarantar a 1933 saboda matsin lambar 'yan Nazi, sai wasu malamanta suka bazu zuwa wasu ƙasashe da wannan tsari, har László Moholy-Nagy ya buɗe sabuwar Bauhaus a Shikago a 1937.

Kafin zuwan kwamfuta, da almakashi da gam da ma'auni ake haɗa shafi. Fitowar kwamfutar Macintosh a 1984 da manhajar PageMaker a 1985, sannan Illustrator a 1987 da Photoshop a 1990, ita ta sa aikin da a da sai a maɗaba'a ya zama abin da ɗalibi zai iya yi a aji.

Tsarin karatun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila darasi ne na shekara biyu da ake ɗauka tare da wasu darussa. A Italiya akwai reshensa a sakandaren fasahar zane, wanda ɗalibi ke zaɓa a shekaru uku na ƙarshe. A Jamus kuma hanyar da aka fi sani ita ce koyon sana'a na shekara uku, ɗalibi yana raba lokacinsa tsakanin kamfani da makarantar koyon sana'a.

Abin da ake koyarwa

Mafi muhimmanci, kuma wanda sabon ɗalibi ya fi rainawa, shi ne tsara haruffa. Ana koya masa bambance salon haruffa masu ɗan ado a ƙarshensu da waɗanda ba su da shi, irin su Helvetica da Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957. Ana nuna masa yadda tazarar da ke tsakanin haruffa da tsakanin layuka ke sauƙaƙa karatu ko ta gajiyar da ido, da yadda girma da kaurin rubutu ke gaya wa mai karatu abin da zai fara gani da abin da zai biyo baya. Fosta na iya yin kyau ƙwarai, amma idan mai wucewa bai gane ranar taro da wurinsa ba a kallo ɗaya, aikin bai biya buƙata ba. Nan ne kuma ɗalibi ke gane cewa ba kowane salon haruffa ke ɗauke da haruffan kowane harshe ba. Mai rubuta Hausa, alal misali, dole ya tabbatar akwai ƙ da ɗ da ɓ kafin ya zaɓi salo, in ba haka ba manhaja za ta aro su daga wani salon, rubutun ya fito a hargitse.

Sai darasin launi. Fuskar kwamfuta tana haɗa launuka ne da hasken ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, injin ɗab'i kuwa yana amfani da tawada huɗu, shuɗi mai haske da ja mai ratsin shunayya da rawaya da baƙi, tsarin da ake kira CMYK. Wannan ne dalilin da launi mai sheƙi a kwamfuta ke iya fitowa a dushe a takarda. Ana kuma koyar da bambanci tsakanin hoton da aka gina da ƙananan ɗigo, wanda ke dusashewa idan an ƙara masa girma, da zanen bekta da lissafi ke riƙe da layukansa, ba ya dusashewa komai girmansa, wanda shi ya sa ake yin tambari da shi. Aikin da za a buga yawanci yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, da rarar milimita 3 a gefen shafi saboda yanka.

Malamai nagari suna sa ɗalibi ya fara da fensir da takarda, ya zana dabaru masu yawa kafin ya taɓa kwamfuta, kuma hakan daidai ne, domin manhajoji suna canzawa amma idon da aka horar yana nan. Makarantar da ba ta da halin sayen manhajoji masu tsada tana iya koyarwa da na kyauta kamar GIMP da Inkscape da Scribus. Haƙƙin mallakar hotuna da haruffa ma yana cikin darasi, kuma ya ƙara nauyi tun bayan yaɗuwar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu samar da hoto.

Tantancewa

Ba a cika dogara da rubutacciyar jarrabawa kaɗai ba. Ana ba ɗalibi aiki mai ƙayyadaddun sharuɗɗa, ya yi bincike, ya gwada, sannan ya gabatar a gaban aji a yi masa sharhi, ya koma ya gyara. Waɗannan ayyuka, tare da zanen gwajin da ya kai shi gare su, su ne ke zama kundin ayyukansa, wanda makarantun fasaha da maɗaba'u da kamfanonin talla ke nema su gani kafin su ɗauke shi.