Waiwaye: Finafinan direbobin tseren mota, a hannun wa almakashin yake?

Wannan ƙorafin da ake yi cewa finafinan tarihin direbobin Formula 1 suna da son kai ba yau aka fara ba fa, tun fim ɗin Senna na 2010 ake ta fama da shi. Asif Kapadia ne ya haɗa shi da tsofaffin bidiyo zalla, da amincewar iyalan Ayrton Senna, direba ɗan Brazil ɗin nan da ya rasu a hatsari a filin tseren Imola na Italiya ranar 1 ga Mayu 1994. Fim ɗin ya yi kyau, har kyautar finafinai ta Birtaniya, BAFTA, ya ci, ni kaina sai da na yi ƙwalla. Amma Alain Prost, Bafaranshen da suka tuƙa wa ƙungiyar McLaren tare a 1988 da 1989, an mai da shi mugun fim, mai kai ƙara wajen ɗan ƙasarsu Balestre shugaban hukumar tseren, kuma shi Prost ɗin bai ɓoye ɓacin ransa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda fim ɗin ya nuna abin da ya faru a Suzuka, filin tseren Japan. Eh, a 1989 sun yi karo aka cire Senna daga tseren, Prost ya ɗau kambu, amma a 1990 Senna ne ya afka wa motar Prost a kwanar farko, kuma bayan shekara ɗaya da bakinsa ya nuna da gangan ya ƙi kaucewa, a irin wannan gudun fa da kan iya kashe mutum, sai fim ɗin ya lallaɓa wajen kamar ramuwar wanda aka zalunta ce kawai. Shiryawar da suka yi bayan Prost ya yi ritaya a 1993, suna ta waya da juna, ba a ba ta wani muhimmanci ba, alhali Prost yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa a Sao Paulo.

Da kamfanin Liberty Media ya sayi Formula 1 a 2017 sai aka buɗe wa Netflix ƙofa, shirinsu mai dogon zango kan tseren, Drive to Survive, ya fito a 2019. Nan kuma salon ya canza, a ɗauko maganar da direba ya yi ta rediyo a wani tseren a manna ta a wani, a ƙulla gaba tsakanin direbobi Norris da Sainz waɗanda kowa ya san abokai ne. Max Verstappen ya daina ba su hira, a 2021 ya ce rigimar ƙarya suke shiryawa, sai da suka zauna da shi suka fahimci juna sannan ya dawo a zango na biyar.

Fim ɗin Michael Schumacher, direba Bajamushe, na 2021 ma da hannun iyalinsa aka yi. An nuna karonsa da Hill a 1994 da na Villeneuve a 1997, amma zargin maguɗi a motar ƙungiyarsa ta Benetton da ajiye motarsa a kan hanya a Monaco a 2006, lokacin zagayen neman gurbin farawa, don hana abokin hamayyarsa Alonso gudu, waɗannan an tsallake su.