Injin shara "na tsaye": abin da ake nufi da shi, da gidan da ya dace da shi a Sakkwato

Wanda ya shiga shagon kayan wuta a Babbar Kasuwar Sakkwato, ko ya duba hotunan da 'yan kasuwa ke turawa a WhatsApp, zai ga injinan zuƙar ƙura iri-iri, wasu an rubuta Upright a jikin kwalinsu. Shi ne ake kira na tsaye. Inji ne da komai nasa ke haɗe a jiki guda: moto, fanka, mazubin ƙura da bakin da ke bin ƙasa, sai mariƙi a sama daidai ƙugun mutum. Tura shi ake yi gaba a jawo shi baya, idan an gama a miƙar da shi ya tsaya da kansa a lungu. Ɗan'uwansa shi ne mai ganga, wanda gangar ke kan tayoyi tana biyo mutum a baya, dogon tiyo ya haɗa ta da sandar da ke hannu. Akwai kuma siririn nan mai batir, shi ma a tsaye ake riƙe shi, amma aikinsa da ƙarfinsa daban ne.

Tsayuwar ba ita ce ainihin bambancin ba. A kifa injin a dubi ƙasansa. Za a ga wani ɗan gungume na roba ko na katako, tsawonsa kusan santimita 30, an dasa masa layukan gashin buroshi a karkace. Bel na roba ne ya haɗa shi da moto, da an kunna sai ya riƙa juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Aikinsa ya daki kafet, ya buɗe gashinsa, ya tayar da yashin da ya nutse can ƙasa, sannan iska ta kwashe. Aikin da sanda ke yi ne idan an rataye darduma a igiya ana bugunta, sai dai nan ƙurar ba ta tashi ta cika tsakar gida, cikin inji take wucewa. Tun asali ma haka aka ƙera shi. James Murray Spangler, mai sharar wani kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, wanda ƙura ke tayar masa da asma, shi ya haɗa moto da fanka da buroshi mai juyawa da rigar matashin kai a jikin sandar tsintsiya. Ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1908, William Hoover ya saya, daga nan sunan Hoover ya bi injin.

To, abin da wannan ke nufi ga mai saye a bayyane yake: na tsaye injin kafet ne. Falon da aka malale da kafet bango zuwa bango, ɗakin maigida, masallacin unguwa mai dogayen sahu, nan ne yake nuna kansa, kuma mai ganga maras buroshin moto ba zai kamo shi ba. Amma gidaje da yawa a Mabera, Arkilla ko Gawon Nama tayil ne a ƙasa, sai ɗan kafet na tsakiya. A kan tayil, buroshin da ke juyawa watsa yashi yake yi baya, mai shara ya riƙa jin yana dukan ƙafarsa. A kan ledar ɗaki yana barin zane, kuma iska na ɗaga ledar ta manne a bakin inji. Tabarma kuwa tsinka ta yake yi. Don haka gidan da ke da tayil da kafet a haɗe, kada a sayi na tsaye sai mai maɓallin kashe buroshi daban, wanda iska kaɗai za ta yi aiki idan an sauka daga kan kafet. Gidan da babu kafet ko ɗaya, gaskiya mai ganga ya fi masa, ko ma tsintsiya da tsumman goge ƙasa.

A duba kuma ko akwai abin daidaita tsayin baki, yawanci wani ɗan mabuɗi ne mai matakai huɗu ko biyar a goshin injin. Idan baki ya sauka da yawa a kan kafet mai kauri, iska ba ta samun hanyar shiga, turawa ta yi wuya, bel ya yi zafi. Idan ya yi sama da yawa buroshi ba ya taɓa komai. Yadda ake daidaitawa: a fara daga mataki na sama, a riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya har a ji ƙarar ta canza, kafet ya fara rawa kaɗan a gaban baki. Nan ne daidai.

Sai batun ƙura, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci a nan. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu iskar hunturu na ɗauko hazo daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, kuma wannan ƙura ta fi garin fulawa laushi. Ita ce ke toshe injin da aka ƙera don gidajen Turai. Injin zuƙa ba ya aiki sai iska na ratsa shi: ta shiga ta baki, ta ajiye datti, ta ratsa filta, ta fita. Da ƙurar hunturu ta like ƙofofin filta, moto zai ci gaba da ƙara amma zuƙa ta mutu.

Hanyar tara dattin iri biyu ce. Mai jaka yana tara shi a jakar takarda ko ta wani yadi na roba, kuma jakar kanta filta ce, duk lokacin da aka sa sabuwa an sabunta matatar gaba ɗaya. Ana canza ta idan ta kai kashi biyu bisa uku, amma a lokacin hazo takan toshe tun ba ta kai rabi ba, a taɓa a ji ta da sauran wuri alhali iska ba ta wucewa. Kada a zazzage jakar takarda a mayar, ƙofofinta sun riga sun like. Maras jaka kuwa yana juya iska ne da gudu a cikin wani kofi mai haske, datti mai nauyi ya bugi bango ya faɗi ƙasa. Irin wannan ya yaɗu ne bayan James Dyson ya fitar da samfurin DC01 a Ingila a 1993. Kofin kan ɗauki lita 1 zuwa 2, kuma akwai layin da aka rubuta MAX a jikinsa. Idan datti ya wuce layin, juyawar iskar ta lalace, ƙura ta wuce kai tsaye zuwa filta. A Sakkwato maras jaka ya fi sauƙin riƙewa, don samun jakar da ta dace da samfurin mutum ba ƙaramin aiki ba ne. Sharaɗinsa ɗaya: a zubar da kofin a waje, a cikin leda, mutum ya juya wa iska baya, kuma mai asma kada ya zama shi ke zubarwa.

Yawancin injinan na da filta biyu. Ta farko soso ce a gaban moto, ana wanke ta da ruwan sanyi zalla, ba sabulu ba omo, a matse, a shanya ta cika awa 24. Mayar da ita da danshi na jawo wari, ƙura ta zama laka a jikinta, ruwa kuma ya isa moto. Takardar injin za ta ce a wanke duk wata ko duk wata uku. Da hunturu a duba ta duk mako. Ta biyu tana bayan moto, inda iska ke fita, kuma a nan ne ake ganin rubutun HEPA. Ma'aunin Amurka ya ce filtar da ta cancanci wannan suna sai ta tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikuron 0.3. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikuron 70. A ma'aunin Turai ana rubuta H13, wato kashi 99.95. Idan aka ga an rubuta HEPA-type ko HEPA-like, ba ita ba ce, kama ce kawai. Kuma filta mai kyau ba ta da amfani idan jikin injin na yoyon iska ta gefe. A buɗe murfin a ga ko akwai roba kewaye da mazaunin filtar. A gida kuma ana iya gwadawa: a rufe taga, a kunna inji a kan kafet, a haska tocila a mahaɗan jikinsa. Idan ana ganin ƙura na fesowa, shara ake kwashewa daga ƙasa ana mayarwa cikin hanci.

Akwai wani bambancin ƙira da masu shago ba su cika ambata ba. A wasu na tsaye, musamman tsoffin samfura masu jakar yadi a baya, datti na ratsa fanka kafin ya shiga jaka. Suna da ƙarfi a kan kafet, amma yashi da tsakuwa na cinye fukafukan fankar, kwabo ɗaya ko ƙusa na iya fasa ta. A wasu kuma datti na tsayawa a jaka ko kofi, iska mai tsabta ce kaɗai ke isa fanka. Garin da ake shigo da yashi a tafin ƙafa kullum, na biyun ya fi daɗewa.

Lambar da aka fi yaudarar mutane da ita ita ce wat. "Hajiya, wannan 2000 ne, ya fi wancan ƙarfi," in ji mai shago. Wat wutar da moto ke ci ce, ba ƙarfin zuƙa ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da injin shara na gida da ya wuce wat 1600 daga Satumban 2014, ta sake rage shi zuwa 900 daga Satumban 2017, kuma injinan da aka ƙera bayan nan suna share kafet sarai. Idan kamfani ya rubuta AW, wato ma'aunin ƙarfin zuƙa, wannan ya fi kusa da gaskiya, domin yana haɗa yawan iskar da ke wucewa da ƙarfin janta. Na tsaye mai AW 100 ko sama da haka ya wadatar. In babu, a roƙi mai shago ya kunna, a zuba cokali biyu na yashi a ɗan kafet, a murza shi da ƙafa ya shige, a bi sau biyu, sannan a ɗaga kafet ɗin a kaɗa a kan farar takarda a ga yashin da ya rage.

Kafin a biya kuɗi a karanta ɗan tambarin da ke ƙasan injin ko bayansa. Wutar Najeriya 230V ce, 50Hz. Kayan tokumbo da suka fito daga Amurka 120V ne, 60Hz, kuma na tsaye sun yi yawa a cikinsu saboda can ne aka fi amfani da su. Filoginsu mai siraran ƙafafu biyu ne masu faɗi. Wanda ya sa masa adafta ya cusa a soket zai ji moto ya yi kururuwa, sai wari da hayaƙi. Yawancinsu 12A ne, wato kusan wat 1440, don haka taransifomar rage wuta da za ta ɗauke su sai ta wat 2000, kuma kuɗinta da nauyinta sun cinye arahar. Na Ingila ba su da wannan matsala, filoginsu ma irin namu ne mai ƙafa uku da fis a ciki.

Ƙaramin janaretan nan da aka rubuta wa 950, abin da yake bayarwa a tsaye bai fi wajen wat 650 ba, ba zai ɗauki injin wat 1200 ba. Moto na fizgar wuta fiye da kima a daƙiƙar da aka kunna shi, saboda haka a bar rata: janareta mai 2.5kVA, a kashe dutsen guga da hita kafin a fara. Mai sola ya duba ƙarfin inbatarsa da wannan lissafin. Ta fuskar mitar wuta kuwa abin ba shi da tsada, injin wat 1000 sai ya yi awa guda cur kafin ya ci yunit ɗaya. Wayarsa kan kai mita 7 zuwa 10. In za a ƙara, a sa mai kauri, a warware ta gaba ɗaya, don wayar da ke naɗe tana ɗaukar zafi.

A yawancin injinan, iskar da injin ke zuƙa ita ce ke sanyaya motonsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, filta mai datti kaɗan ta isa ta sa ya mutu ana cikin aiki. Yawanci ba lalacewa ya yi ba, wani ɗan makashi ne a ciki ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa. A zare filogi, a zubar da datti, a duba tiyo ko wani abu ya toshe shi, a bar shi minti 30 zuwa awa ɗaya. Sharar safe ta fi masa.

Warin roba mai ƙuna alamar bel ce: wani abu ya riƙe buroshi, moto na ci gaba da gurzar bel ɗin. Gezar darduma, bakin labule, zaren ɗinki da gashin kitso su ne kan gaba. A zare filogi, a kwance farantin ƙasa, a yanke abin da ya naɗe da almakashi, a tsabtace gefe biyu inda boris yake, don nan gashi ke taruwa har ya narkar da roba. Bel kan saki ko bai tsinke ba, sai a ga buroshi na juyawa a iska amma ya tsaya da ya taɓa kafet. A canza shi duk wata 6 zuwa 12. Abubuwan da ba a zuƙa ko kusa: ruwa, toka, garin siminti, allura da fil ɗin mayafi, sannan garwashin turaren wuta. Wannan na ƙarshen haɗari ne na gaske. Garwashin da ya faɗo daga kasko yana iya zama baƙi a ido alhali cikinsa da wuta, iskar injin ta hura shi a tsakiyar busasshen gashi da auduga.

Nauyin na tsaye kan kama daga kilo 5 zuwa 9, ba ya shiga ƙarƙashin gado mai gajerun ƙafafu, hawa bene da shi kuma wahala ne. Wadda za ta riƙa aiki da shi ita ya kamata ta ɗaga ta tura a shago, ko da kayan ɗaki ne iyaye ke haɗa mata. A tabbatar yana da tiyon da ake zarewa da siririn baki na lungun kujera da ragar taga. Idan wanda aka taɓa amfani da shi ne, a saurari moto: ƙara mai kaushi boris ne, tartsatsi mai yawa ta ramukan iska kuma kabon ne, wato ɗan gawayin da ke kai wa moto wuta, ya cinye. Sannan a rubuta lambar samfurin, a tambayi mai shago ko yana da bel da filtarsa a ƙasa. In yana da su, a sayi bel biyu da filta ɗaya a ranar, don a samu ta sawa yayin da wadda aka wanke ke bushewa.